Hoton da ke Falon Zulaiha

"Ba ni faɗin haka, Baffa."

Na'ima na durƙushe a bakin tabarmar Baffa Siddiƙu ta yi wannan magana, kanta a ƙasa, hannuwanta cikin hijabi. Baffa ya ajiye ludayin furarsa a hankali. Ƙanen mahaifinta ne, shi ya riƙe gidan tun da mahaifin ya rasu, kuma a iya saninta ba a taɓa mayar masa da magana a tsakar gidan nan ba. Ko a kasuwar hatsi, inda ya tsufa yana ciniki, in ya yanke magana ta yanku.

"Mi kinka ce?"

"Na ce zan tafi Dundaye. Zan ba su haƙuri, zan yi wa Zulaiha sannu. Amma ba ni cewa ni na ɗaura."

Baffa ya waiwayi Inna Uwani, mahaifiyarta, da ke tsaye bakin madafa riƙe da tsintsiya, ya tambaye ta ko ta ji abin da bokon ɗiyarta ya haifar. Ya ce ba wanda ya nemi a yanka ta. Magana guda ce malamin da ke duba Zulaiha ya nema: ta tsaya gaban hoton da ta kai gidan ta ce ita ta ɗaura abin da ke cikinsa, kuma ta kwance, a ƙone shi, 'yar mutane ta samu barci, gari ya yi shiru. Ya ce shi kansa bai yarda ta aikata komai ba, ya san ɗiyar wansa. Amma abin da ya sani a cikinsa daban, abin da ake faɗi a ƙofar masallaci daban.

"In kin ƙi, ba ni iya tare miki garin ga," in ji shi. "Bayan la'asar za a taru. Ki yi tunani kafin nan."

Abin ya samo asali ne daga sana'arta. Da Na'ima ta gama jami'a ta dawo daga hidimar ƙasa, ba ta zauna jiran aikin gwamnati ba. Ta kama wani ɗan siririn shago a gefen Sabon Gari, irin wanda in ta miƙa hannuwanta biyu sai ta taɓa bango da bango, ta fara sayar da hotunan ƙawata ɗaki. Ba na kyamara ba ne. Zane-zanen wasu Turawa ne da suka mutu tun kafin a haifi kakanta, na gonaki da koguna da itatuwa, irin zanen da ba a jan layi, sai dai a ɗiɗɗiga fenti kala a kan kala har wuri ya fito kamar ana hango shi ta cikin yayyafi. Takan samo su a intanet, a buga mata a kan kanbas, wani yadi mai kauri, kafinta ya ɗame shi a kan katako. Amare suka yi musu caa. Har ta kai a wasu gidajen jere bai cika ba in babu kogin Na'ima a bango.

Sharaɗi ɗaya ne a garin, kuma kowa ya san shi: ban da mai rai. Ba wanda ke son hoton da zai hana mala'iku shiga gidansa. Na'ima kuwa da wannan take alfahari. Kafin ta aika kowane hoto wajen bugu sai ta buɗe shi a kwamfuta, ta yi ta ƙara masa girma har fentin ya zama gudaji-gudaji, ta bi shi kusurwa-kusurwa, hancinta dab da gilashin. In ta ga saniya, ko tsuntsu, ko kwalekwale da mutum a ciki, ta watsar da shi. In an kawo bugun ma sai ta shimfiɗa shi a teburinta ta sake bi, tana shafawa da yatsa. Takan ce wa masu saye a shagonta ko sauro ba ya wucewa.

Zulaiha ƙawarta ce tun makarantar kwana, gadonsu ɗaya, wannan a sama wannan a ƙasa. Da za ta auri Sa'ad, ɗan wani gidan malamai a Dundaye, Na'ima ta yi mata gudummawa da hoto mafi girma da ta taɓa bugawa: kogi da yamma, dogayen ciyayi a bakinsa, itatuwa a jere, rana na shirin faɗuwa. Ranar jere gwaggwannin amarya suka rataye shi a ƙuryar ɗaki, saman gado. Ya yi watanni a nan ba wanda ya ce uffan. Sai cikin bazarar nan aka tashi sake wa ɗakin fenti, aka fito da shi aka kafa a can ƙarshen falo, wani dogon falo da Sa'ad ya gina don baƙin mahaifinsa.

Washegari Zulaiha, da ɗan ƙaramin cikinta, ita kaɗai a gidan, ta shigo daga tsakar gida ta ga mutum tsaye a bakin kogin cikin farar riga. Ta matsa, ya ɓace. Ta ja da baya, ya dawo. Ta kwasa a guje, santsin tayil ya ɗebe ta a matakala. Cikin bai tsaya ba. Tun daga ranar ba ta barci, ba ta yarda a bar ta ita kaɗai, in ta rufe ido sai ta ce ga shi nan yana ratso ciyawa. Surukarta, Hajiya Zainaba, ta kira Malam Jelani mai ruƙiyya. Wata 'yar gidan kuma ta ɗauki waya ta yi bidiyo, tana takawa zuwa ga hoton tana salati, ta tura wa ƙawayenta. Kafin a ankara ba wayar da bai shiga ba a Sakkwato.

Na'ima ta kalli bidiyon. Hannun mai ɗauka na rawa, komai dishi-dishi. Ta tabbata a ranta haɗi ne aka yi don a kashe mata kasuwa. Ta buɗe hoton a kwamfuta, ta ƙara girman daidai wurin da ake magana: farin fenti, shuɗi a gefensa, ɗigon ruwan ƙasa a sama. Hasken rana ne a kan ciyawa, ba wani abu ba.

Don haka da hantsi, bayan ta tashi daga gaban Baffa, ta ɗauki makullinta. Inna ta roƙe ta ta zauna a gida. Ta ce in ta zauna za a ce ta ɓuya, kuma mai laifi ke ɓuya.

'Yan kabu-kabun da ke bakin layinsu, waɗanda kullum ke rige-rigen ɗaukarta, suka yi kamar ba su gan ta ba. Sai wani mai bakin tsiya a cikinsu ya ɗaga murya.

"Hajiya, ke ɗaya, ko da mutumin naki? Babur ɗina dai bai ɗaukar fasinjan da ba a gani."

Suka yi dariya, amma ba wanda ya tayar da babur. Ta taka da ƙafa cikin rana mai narkar da kwalta, tana jin idanu a ƙeyarta har ta sha kwana.

A ƙofar shago ta tarar da hotuna a jingine, waɗanda ta sayar tun bara, an dawo mata da su ba sallama. Wasu an juya fuskarsu bango. Wasu an farke su da wuƙa daga sama har ƙasa. Wata gonar furanni da ta tuna amaryar da ta zaɓe ta tana tsalle, an watsa mata wani ruwa da ya bushe ya bar tabo. Na'ima ta buɗe ƙofa ta yi ta shigar da su ɗaya bayan ɗaya, tana hana kanta sauri. Mai shayin da ke tsallaken hanya, wanda kullum ke aiko mata da ruwan zafi, ya juya mata baya yana wanke kofin da ya riga ya wanke.

Ta shiga ta jawo ƙofar rabi. Ba ta daɗe da zama ba ta ji dutse a kan rufin kwano. Ta ce a ranta ko yara ne ke jifan ƙadangare. Sai na biyu, sai na uku a jikin ƙofar kanta. Ta leƙa ta tsagar ƙofa ta ga samari sun tsaya a inuwar shagon da ke kallon nata, ba su da yawa, ɗaya na nuna wa sauran waya. Ta san garinta. Ta san yadda 'yan tsirarun mutane ke zama taro kafin mutum ya gama alwala, da yadda waɗanda suka zo daga baya ba sa tambayar me aka yi. A lokacin ta tuna shagon ba shi da ƙofar baya. Ta kama karanta Ayatul Kursiyyu, ta kai tsakiya ta rikice, ta sake daga farko. Tana jin muryoyin na ƙaruwa, ana kiran sunanta haɗe da wata kalma da ba a taɓa jingina wa kowa a gidansu ba.

Wanda ya ba ta hayar shagon ne ya cece ta, wani dattijo mai sayar da yadi a shagon da ke manne da nata. Ya fito ya yi wa samarin faɗa, ya ce ai manya sun shiga maganar, yau da la'asar za a gama ta a Dundaye, mai son kallo ya tafi can. Sannan ya tsaya bakin ƙofarta bai shigo ba, ya ce ta kulle ta tafi, kuma ta aiko masa da makulli. Ya ce ba ƙinta yake yi ba, amma in aka cinna wa shagonta wuta nasa ma zai ci, shi kuwa yana da iyali. Ya raka ta har titi, ya tare mata Napep da kansa.

Bayan la'asar suka kama hanyar Dundaye su uku. Baffa ya zauna kusa da direba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Inna ta riƙe wuyan hannun Na'ima tamau, kamar ranar da ta fara kai ta allura.

Tun daga nesa suka hango mutane. Maza a gindin darbejiya, samari a kan katanga, babura birjik. Da suka sauka sai surutun ya ɗauke, aka dare musu hanya, wayoyi suka tashi sama. Na'ima ta ji wata murya a bayanta tana cewa ita ce, ga ta nan, dubi idonta ko kunya babu. Ta ɗaga kanta ta ci gaba da tafiya.

A tsakar gida mata ne cike. Hajiya Zainaba na kan kujera, carbi a hannu. Ta amsa gaisuwar Inna a taƙaice, ta Na'ima kuwa ta bar ta ta faɗi ƙasa. Can gefe, a kan tabarma, Zulaiha ce kwance, kanta a cinyar gwaggonta. Malam Jelani na zaune a kan darduma. Na'ima ta zaci za ta ga wani mai jajayen idanu da tsawa, sai ta ga mutum mai matsakaicin shekaru da tabarau, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya tambaye ta ko Baffanta ya gaya mata abin da ake bukata. Ta ce ya gaya mata, amma tana roƙon a bar ta ta fara ganin hoton.

Tun bayan da aka ɗauki bidiyon nan falon ke kulle. Sa'ad ya kawo makulli ya buɗe, ya koma gefe. Na'ima ta tsaya a bakin ƙofa, idonta ya bi dogon falon, ya wuce kujerun da ke jere hagu da dama, ya kai bangon ƙarshe.

Yana nan.

Mutum ne tsaye a bakin kogin, cikin farar riga, ya ɗan ranƙwafa, kansa a karkace kamar wanda ya ji an buɗe ƙofa ya juyo. Ba haɗin waya ba ne. Hasken yamma ya shigo ta taga ya sauka a kansa. Na'ima ta dafa ƙyauren. Ita ta duba hoton nan da idonta, ta shafa shi da yatsanta, ta naɗe shi da hannunta. Daga ina ya fito? Wani tunani ya faɗo mata da ba ta taɓa bari ya matso kusa da ita ba: in fa gaskiya suke faɗi? In fa wani abu ya biyo kayan da take jawowa daga ƙasashen da ba ta sani ba?

Matan da suka taru a tagogi sun ga fuskarta. "Ta gan shi," in ji wata. "Ai ta san abinta."

Wannan maganar ce ta tura ta. Ta cire takalmi ta shiga. Tana takawa, idonta a kan mutumin. Da ta kai tsakiyar falon sai kafaɗunsa suka fara saki. Ta ƙara matsawa, kan ya rabu da jiki ya koma ɗigo. Rigar ta baje ta shige cikin ciyawa. Da ta isa bango ba kowa, sai farin fenti, shuɗi a gefensa, ɗigon ruwan ƙasa a sama. Ta ɗora yatsa a wurin. Yadi ne, da ɗumin rana a jikinsa.

Ta koma da baya da baya ba ta juya ba. Mutumin ya fara haɗuwa, ya tattaru, ya sake tsayawa.

A nan ta gane. Mai zanen ne ya sa shi, kuma ya sa shi ne don a gan shi daga nesa. Ita kuwa tun da ta fara sana'ar nan ba ta taɓa kallon hotunanta daga nesa ba. Shagonta bai ba ta wurin ja da baya ba, ƙuryar ɗakin Zulaiha ma haka. Duk ƙwazonta na matsowa kusa ne, kuma matsowar ce ke ɓatar da shi.

Ta fito ta durƙusa gaban Hajiya Zainaba.

"Hajiya, akwai mutum. Mai zanen ya sa shi tun kafin a haife mu. Daga nesa ake ganinsa, ni kuma daga kusa nake dubawa. Kuskurena ne, na kawo mai rai gidanku ban sani ba, kuma ina neman gafara. Amma fenti ne. A kawo Alƙur'ani, ina da alwala, in rantse."

"Yau na ji boko," in ji Hajiya. "Fenti ka tafiya shi dawo? Fenti ya ci min jika?" Ta ce ba rantsuwa suka tara mutane su ji ba, mai iya wancan aiki rantsuwa ba ta yi masa wuya. Abin da aka ɗaura suke so a kwance.

Malam Jelani ya tashi ya shiga falon shi kaɗai. Suka ga ya je bango ya dawo, ya cire tabarau ya sake zuwa, ya daɗe tsaye a tsakiya. Da ya fito sai ya yafito Na'ima da Baffa bakin ƙofa, ya rage murya. Ya ce mai yiwuwa yadda ta faɗa haka ne, Allah ne masani. Amma yarinyar da ke kwance can ba bayani take ji ba, tsoro ne ya shige ta har ɓargo, kuma ya sha ganin irin haka. In ta ji daga bakin wadda ta kawo hoton cewa an kwance, yana sa ran za ta yi barci. Ya ce ga kuma waɗancan na ƙofar gida, ba za su watse hannu banza ba. Ta faɗa ko a hankali ne, a wuce wurin.

Na'ima ta dubi tagogi da kan katanga. Ko ina waya ce a ɗage. A gidan nan yau babu abin da za a faɗa a hankali.

"Malam, mene ne hukuncin wanda ya yi sihiri?"

Malam ya cire tabarau yana gogewa. Ta ci gaba.

"In na ce ni na ɗaura, gobe wa zai kwance ni?"

Baffa ya ce mata ta rufe masa baki, da malami take magana. Kafin ya ƙarasa suka ji murya daga kan tabarma, siririya, da ƙyar take fita.

"Na'i."

Ba mai kiranta haka sai mutum ɗaya. Ta je ta durƙusa. Zulaiha ta rame har ƙasusuwan wuyanta sun fito, leɓɓanta sun tsage, idanunta sun faɗa. Ta miƙo hannu ta kama gefen hijabin Na'ima.

"Ki faɗa. Ko ƙarya ce ki faɗa, don Allah. Ni dai in yi barci."

Duk abin da Na'ima ta ji a shago da bakin ƙofar falo bai kai wannan ba. Ta tuna lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita a makaranta, Zulaiha ta yi ta jiƙa ɗankwalinta tana ɗora mata a goshi. Kalmomin na nan a bakinta, gajeru, ba su da nauyi. Ta buɗe baki, ta ji tsakar gidan ya yi tsit, har carbin Hajiya ya tsaya.

Abin da ta ce shi ne Zulaiha ta tashi ta riƙe hannunta, su shiga tare, su taka har bango, ta taɓa wurin da yatsanta ta ji. Ta ce ba za ta sake ta ba, in ma so take su yi ta zuwa suna dawowa har ya daina ba ta tsoro. Zulaiha na jin an ambaci falon ta ƙanƙame gwaggonta, jikinta ya ɗauki ɓari.

"Ba ni iyawa, Zulai," in ji Na'ima, hawaye na zuba. "Ban ɗaura miki komai ba. Ba ni cewa na yi."

Zulaiha ta saki hijabin, ta juya fuskarta.

Tsakar gidan ya kaure. Hajiya ta ce a fitar mata da ita daga gida. Malam Jelani ya ɗaga hannu ya ce a fara ƙone hoton tukuna. Sa'ad da wani ɗan'uwansa suka ciro shi, suka fito da shi a kife, suka nufi ƙofar gida. Jama'a suka bi su. Aka zuba kananzir, aka yi kabbara, wani baƙin hayaƙi mai warin leda ya tashi sama da katanga. Malam ya matso kusa da Baffa ya ce yanzu, tun hankalinsu na kan wuta, su bi ta ƙofar baya.

Ƙofar bayan ta buɗe ne cikin gonakin da ba a riga an yi shuka ba, fili fetal, ba inda mutum zai raɓe. Sun ɗan yi nisa sai wani daga kan katanga ya hango su. Na'ima ta ji ihun, ta ji ƙafafu. Dutsen farko ya faɗi gabansu ya tayar da ƙasa. Na biyu ya samu Inna a kafaɗa, ta durƙushe ba ta yi ƙara ba. Na'ima ta ɗago ta, ta rungume ta a gefe, ta ce a ranta yau ce ranar, ta fara kalmar shahada.

Baffa Siddiƙu ya juya ya fuskance su. Ya buɗe hannuwansa, babbar rigarsa ta baje ta rufe matan biyu. Ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya kira wasu daga cikin samarin da sunayen iyayensu, ya ce wanda ke son jifa ya fara da shi. Haka ya yi ta tafiya da baya da baya, yana magana, har suka kai bakin titi. Samarin sun biyo su, amma ba su ƙara jifa ba.

A cikin Napep, sai da suka wuce gada sannan ya yi magana, bai waiwayo ba.

"Don wana na yi, ba don ke ba. Daga yau kada ki sake gaishe ni."

Kwanakin da suka biyo baya Na'ima ba ta leƙa ko zaure ba. Sabon bidiyo ya fita, nata, tana durƙushe gaban Zulaiha, an rubuta a ƙasa cewa ta ƙi kwancewa. Aka samu lambarta aka yi ta kira ana zagi, ta kashe wayar. Mai bugun kanbas ya aiko cewa kada ta sake nemansa. Mai shago ya kwashe abin da ya rage a ciki ya ƙone a bayan kasuwa, a gaban shaidu, don a bar masa layinsa lafiya. Da aka fara jefo duwatsu cikin gidansu, inda jikokin Baffa ke wasa, Inna ta haɗa mata kaya a jaka ta kai ta Wamakko wajen wata ƙanwarta. Can take har yanzu, tana koyar da yaran maƙwabta karatu a tsakar gida, waɗanda iyayensu ba su ga bidiyon ba ko suka gani suka yi shiru.

Zulaiha an mayar da ita gidan iyayenta, daga can asibiti. Ta daɗe kafin barci ya dawo mata, ya fi yadda kowa ya zata, kuma Na'ima ba ta da hanyar sanin ko da ta faɗi abin da aka nema da wahalar ta gajarta. Ta aika gaisuwa ta hannun Inna, aka dawo da ita ba amsa.

Ba ta faɗa ba, kuma ba wanda ke da muryarta a waya tana cewa ta yi sihiri. Amma ta rasa shagon da sana'ar da ta gina da hannunta. Baffa bai sake amsa sallamarta ba, ko a ranar Salla. Kafaɗar Inna ba ta ƙara ɗaga bokitin ruwa ba. Zulaiha ta haihu daga baya, ba a gaya mata suna ba. In kuma dole ta kama ta shiga Sakkwato, garin da aka haife ta, sai ta sa niƙabi.